Kifin Rijiya Ta Leƙa Teku

Abu Dabi,
18 ga Agusta, 2025.

Aminiyata Hajiya Larai,

Ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen gida. Yaya damina? Yaya gwiwar taki? Na ji ruwa ya yi muku gyara a katangar baya, Allah ya mayar da alheri.

'Yar taki ta yi arba'in ranar Laraba, ita da jaririn lafiya lau. Kada ki tambaye ni yadda aka yi wankan jego a hawa na sha ɗaya, babu murhu babu garwa, sai ruwan zafin famfo da ganyen darbejiyar da surukin naki ya sha yawo kafin ya samo. An dai yi, kunun kanwa ma an sha. Wannan labarin sai na dawo. Abin da ya sa na ɗauki biro yau daban ne. Sau uku ina fara miki saƙon murya ina gogewa, don duk lokacin da na saurara sai in ji kamar mai ba da labarin mafarki. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta, kamar zamanin da muke makarantar horon malamai.

Ranar Juma'a da dare surukin naki ya ce, "Mama, gobe in Allah ya kai mu za mu kai ki gidan kifi." Ni da na ji gidan kifi sai na ɗauka gidan cin abinci ne. Wallahi da safe ko karin kirki ban yi ba, ina tanadin ciki. Ashe gidan kallo ne. Sunansa SeaWorld, yana kan wani tsibiri da ake kira Yas, kusa da filin jirgin sama, inda suke tseren motocin nan masu ƙara kamar aradu. Sabo ne, ranar 23 ga Mayu, 2023 aka buɗe shi. Asalin kamfanin na Amurka ne, wannan kuma shi ne gidansu na farko a wajen ƙasarsu. Hawa biyar ne, an raba shi sassa takwas, kuma duk a rufe yake da na'urar sanyi, don a wannan watan idan kika tsaya waje minti goma a garin nan sai kin ji kamar ana gasa ki a tanda. Halittun da ke ciki sun haura dubu ɗari. Kuɗin shiga kuwa, na tambaya sau biyu, yaron nan ya yi kamar bai ji ba. Na gane cewa idan na ji ba zan iya kallon da daɗin rai ba, sai na bar kaza cikin gashinta.

A mota har cika baki nake yi. Na ce musu ni 'yar Yawuri ce, jikar Sarkawa ta wajen uwa, a bakin Kwara aka yanke min cibiya, wa zai nuna min kifi? Na shiga lissafa wa su Ummi da Halifa: giwan ruwa, ragon ruwa, yauni, tarwaɗa, karfasa, kurungu, tsage, gaiwa mai kwana cikin laka har damina ta zagayo, minjirya mai jan mutum kamar wayar lantarki. Yara suna ta mamakin kakarsu.

Larai, ashe ni kifin rijiya ce.

Ga abin da ban taɓa lura da shi ba sai da na tsaya gaban gilashin nan. Shekara sittin da 'yan kai ina ganin kifi, amma duk kifin da na gani ko dai matacce ne, ko yana kan hanyar mutuwa. A cikin kwalekwale yana ɓalli-ɓalli, a kan faifan 'yan talla, a kan wayar banda, a cikin tukunya. Wanda yake raye kuwa daga sama nake hangen bayansa, wulƙam ya wuce. Kin san ruwanmu, in kika tsoma hannu zuwa gwiwar hannu ba kya ganin yatsunki. Ban taɓa ganin kifi ta gefe ba, yana cikin harkarsa, bai san da ni ba, ba ya gudun kowa. Ban san yana da natsuwa ba. Ban san yana da fuska ba.

Babban tafkin suna ce masa Endless Ocean, wato tekun da ba ya ƙarewa. Ruwan da ke cikinsa lita miliyan 25 ne. Na san wannan adadin ba zai shiga kanki ba, kamar yadda bai shiga nawa ba sai da na mayar da shi lissafin 'yan ga-ruwa. Jarka mai lita 25, guda miliyan ɗaya. Idan kura tana ɗaukar jarka goma, kura dubu ɗari ke nan. Ki zauna ki yi tunanin layin. A cikin wannan tafki kaɗai akwai halittu sama da 68,000. Sun yi masa wata taga doguwa a tsaye, tsawonta mita 20, kamar bene mai hawa shida, kina ƙasa kina ɗaga kai, ruwa a kanki har inda wuyanki ya gaji. Farko ƙin matsawa na yi. Na ce in abin nan ya tsage fa? Surukin naki ya ce ba gilashin taga ba ne irin namu, wata roba ce mai kauri da ake kira akirilik, wadda ta fi gilashi jure nauyin ruwa. Na ce to, amma dai sai da na karanta abin da ya sawwaƙa kafin na taka.

Wurin duhu-duhu ne, haske shuɗi, mutane suna magana ƙasa-ƙasa ba tare da kowa ya ce su yi ba. Ƙananan kifaye dubbai suna tafiya tare, su juya lokaci guda kamar jan-baki ya taso daga gonar shinkafa, babu mai karo da wani. Sai ga shak, wanda muke gani a talabijin, ya zo ya gifta daidai fuskata, bakinsa a ƙasa, idonsa babu ko alamar fara'a. Halifa ya ruƙunƙume zanena. Na yi mamakin yadda bai far wa ƙananan ba, aka ce min ana ciyar da su a kan kari, kuma mai ƙoshi ba ya wahalar da kansa da farauta. Na ce wannan ai har a mutane haka ne, in ban da wasu da muka sani.

Wanda ya tafi da hankalina shi ne wani da ake kira manta. Ki ɗauki tabarma babba, baƙa ta sama fara ta ƙasa, ki sa mata fukafukai, ki ce ta tashi a hankali ba tare da sauri ba. Ba iyo yake yi ba, tashi yake yi, kamar shaho a sararin rani. Duk girman nan nasa ba ya cin komai sai 'yan mitsi-mitsin halittun da yake tacewa daga ruwa, baki a buɗe. Da ya zo ta saman kaina inuwarsa ta rufe mu, ban san lokacin da na ce Subhanallah da ƙarfi ba, har wata Balarabiya da ke gefena ta juyo ta amsa min. Muka yi wa juna murmushi, ba mai jin yaren wani. A nan na tuna Annabi Yunusa, alaihis salam. Tun muna allo muke jin labarin, kuma ni a raina kullum giwan ruwa nake hasasowa, irin wanda ake cin gasa da shi a Argungu, ina mamakin yadda mutum zai shiga cikinsa. Yanzu na daina wannan mamakin.

Amma kin san hali zanen dutse. Ina tasbihi, wani ɓangaren zuciyata yana lissafin miya. Wannan zai yi daɗin farfesu, wancan sai banda, wancan ƙaya ce kawai. Har na faɗa wa 'yar taki cewa ai a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke cikin teku halal ne. Ta ce, "Don Allah Mama ki rage murya." Sai ga talibambam! Wallahi shi ne, da kumburarren cikinsa da haƙoransa na zomo, sai dai nasu na ruwan gishiri ne, ya fi namu ado. Na ji kamar na haɗu da ɗan unguwarmu a Makka.

Sashen ƙanƙara ba zan daɗe a kansa ba, don ni ma ban daɗe a ciki ba. Waje ana zafin da ya haura digiri 40, ciki ga tsuntsayen fengwin tsaye kan ƙanƙara kamar alhazai sun yi sahu suna jiran liman. Ba sa tashi, tafiyarsu ta ƙasa abin dariya ce, amma da sun faɗa ruwa sai ki rantse harbo su aka yi. Manyan cikinsu ba sa yin sheƙa. Ƙwai ɗaya ake yi, a ɗora shi kan ƙafa a lulluɓe da fatar ciki, miji da mata suna karɓa-karɓa har kusan wata biyu. Na ce a maimaita wannan bayanin da kyau surukin naki ya ji. Akwai kuma wata dabba, walros, jiki kamar dorina, gashin baki kamar na tsohon ɗan doka. Sanyi ya shiga ƙashina, na ce su fitar da ni. Yara suka tafi hawa lilon nan mai gudu yana juya mutum ƙasa a sama, ni kuwa na nemi wurin salla.

Bayan azahar muka shiga sashen da suka keɓe wa tekunsu na nan gida, kuma a nan ne na ga abin da ya sa nake miki wannan dogon rubutu.

Da farko sun nuna yadda kakanninsu suka rayu kafin fetur. Kin ga garin nan da benaye kamar su taɓo sama? Sai 1958 aka gano mai a tekunsu, aka fara fitar da shi a 1962. Kafin nan arzikinsu lu'ulu'u ne. Daga Yuni zuwa Satumba, wato daidai wannan zafin da nake miki kuka da shi, maza suke fita cikin jiragen katako, wata huɗu ba su ga iyalinsu ba. Mai nutso ya maƙale hancinsa da ɗan matsi, ya saƙala ƙafa a igiya mai dutse don ya yi saurin kaiwa ƙasa, ya tsinci kawa cikin kwando da numfashi guda, sannan ya girgiza igiya abokinsa ya jawo shi sama. Haka za a yi ta yi daga safe har yamma, a kan dabino da gahawa. In mai jan igiya ya yi sakaci, shi ke nan. Da yawansu cikin bashin mai jirgi suke rayuwa su mutu, ɗa ya gaji bashin uba, kuma cikin masu nutson akwai bayi da aka kwaso daga gabashin Afirka. Sai Japanawa suka gano dabarar noma lu'ulu'u a cikin kawa, ga kuma karyewar tattalin arzikin duniya a shekarun 1930, sana'ar ta mutu murus, yunwa ta shigo. Ina kallo ina tuna kawunnaina da taru da mamari. Mutanen ruwa duk inda suke kamarsu ɗaya. Abin da ya burge ni shi ne ba su ɓoye talaucinsu na da ba, sun gina masa ɗaki suna nuna wa jikokinsu. Mu kuwa tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye garuruwa da tsibirai, aka tashi mutane, ki gaya min inda yaro zai je yau ya ga ko da zago ɗaya na kakansa an rataye da suna a ƙasa.

Muna zagayowa wata kwana sai Ummi ta ce, "Kaka, zo ki ga wata saniya a ruwa." Na leƙa. Larai, gabana ya faɗi. Ayu!

Ba namu ba ne sak, ɗan'uwansa ne na teku, dugon suke ce masa. Bambancin da na gani a wutsiya yake: ta namu zagayayya ce kamar faifai, tasa kuwa a rabe take gida biyu kamar ta dolfin. Amma jikin nan mai santsi launin toka, ƙananun idanun nan, leɓen nan mai kauri da yake kiwo da shi, duk shi ne. Sunansa Malƙut. Ke da kika fi ni zama a Islamiyya za ki tuna babin luƙaɗa, to daga nan sunan ya fito, wato tsintacce. A 2019 aka tsince shi yana jariri a yankin Marawah, ya rabu da uwarsa, ma'aikatan hukumar muhallinsu suka ɗauke shi suka raine shi da hannu. Tun da bai tashi gaban uwa ya koyi zaman teku ba, mayar da shi zai zama kamar jefar da shi ne. Irinsa kusan 3,000 ne a ruwan Abu Dabi, kuma in aka cire Ostareliya, babu inda suka fi yawa kamar wannan tekun.

Ba kifi ba ne, ko da yake mu da kifi muke lissafa shi. Iska yake shaƙa, bayan 'yan mintuna sai ya taso ya fito da hanci. Ciyawa kawai yake ci. Masana sun ce a duk dabbobin tudu giwa ce danginsa na kusa. Macen tana ɗaukar ciki fiye da shekara, ta haifi ɗa ɗaya tak, ta shayar da shi da nonon da ke ƙarƙashin hammatarta, sannan ta yi shekaru kafin ta sake haihuwa. Ina jin wannan, ni da nake tare da mai jego da jariri jiya-jiya suka yi arba'in, sai jikina ya yi sanyi.

Kin tuna ranar da aka kawo ayu bakin ruwa muna 'yan shekara goma? Gari ya ɗauka, aka yi ta kiɗa, wanda ya soke shi yana ta kirari. Mu muka kutsa ta tsakanin ƙafafun manya. Ni abin da na gani shi ne nonon, na kwasa da gudu gida. Daren nan Inna ta ba mu labarin cewa ayu da mace ce, amarya ce tana wanka a kogi surukinta ya yi kiciɓis da ita, kunya ta sa ta faɗa ruwa ba ta sake fitowa ba. Mata kuwa suna can sun yi layi da 'yan kwanoni, kowa na jiran a sammata kitse. Wannan shi ne ganina na farko da na ƙarshe da ayu, sai shekaranjiya. Na ja kujera na zauna gabansa kusan rabin awa. Ya zo ya manna hancinsa da gilashi, ya kalle ni, ko kuma ni na ɗauka ni yake kallo. Na rasa inda zan sa idona.

Don kin san dalili. Ni da ke, lokacin bikin 'yar taki, nawa muka ba matar nan a kan 'yar kwalbar man ayu? Muna ta murna mun samo na asali. Yanzu ki buɗe wayarki ki ga masu kayan mata, kowace da kwalabenta jere, kowace tana rantsuwa nata ne na gaskiya. Dabbar da ke haihuwar ɗa ɗaya cikin shekaru, ina ta ga wannan man duka? In da gaske ne, da ayu ya fi tarwaɗa yawa a Kwara. Ke nan ɗayan biyu ne: ko dai man shanu da kitsen rago muke saye da tsadar zinariya, ko kuwa ana ƙarar da abin da ya rage a Kwara da Binuwai saboda mu. Ban san wanne ya fi ba ni haushi ba. Kuma doka ta hana kashe shi a Najeriya, cinikinsa tsakanin ƙasashe ma an haramta tun 2013. Ni dai na tuba. In lokacin auren Ummi ya zo ina raye, a yi mata tsimi da gumba, sun isa.

Kada ki ce an wanke min kai da ruwan shuɗi. Akwai abin da ya tsaya min a rai game da gidan kansa. Da muka je kallon dolfin suna tsalle ana tafi, yara kamar su shiɗe don murna, ni sai na tuna kanarin Malam a keji, ana ba shi gero da ruwa a kan lokaci, yana ta rera kuka, kowa na cewa daɗi yake ji. Dabbar da ke keta teku yini guda, ko tafkin ya kai ina, bango ne a ƙarshensa. Surukin naki ya ce wannan muhawarar ta daɗe a Amurka. A 2010 wata ƙatuwar dabbar teku mai baƙi da fari, oka, ta kashe mai horar da ita a gidansu na Orlando. A 2013 aka yi fim a kan lamarin mai suna Blackfish, mutane suka yi ca, har a 2016 kamfanin ya sanar da daina kiwon oka don haihuwa. Wannan gidan na Abu Dabi babu oka ko ɗaya a ciki. A gefensa kuma sun gina cibiyar bincike da jinyar dabbobin teku, inda ake kawo kunkuru da tsuntsaye da suka jikkata, a yi musu magani, waɗanda suka warke a mayar da su ruwa. Na yarda da wannan. Na kuma yarda cewa ba don gilashin nan ba, da zan mutu ban san ayu yana da ido irin na ɗan maraƙi ba. Amma tsintacce daban, mai tsalle don a yi tafi daban. Har muka iso gida ina juya abin, ban sauke shi a gefe guda ba. Ki tambayar min Malam, ina son jin ta bakinsa.

Da za mu fita Halifa ya kafe sai an saya masa ayun auduga, yanzu da shi yake kwana. Ni kuma da yunwar da na tara tun safe, a hanya suka tsaya suka saya min gasasshen kifi da shinkafa. Zan so in ce miki na kasa ci. Na cinye tas, har da kan.

Ina da roƙo guda. In kin shiga kasuwa ranar da 'yan tsibiri suke fitowa, ki nemi tsohon nan mai gyaran taru, ɗan'uwan su Inna, in yana nan da rai. Ki tambaye shi yaushe rabonsa da ganin ayu, kuma a wane wuri. Kada ki ce ni na aiko ki, zai ɗauka mai nake nema.

In Allah ya yarda farkon watan gobe ina hanya. Na sayi dabinonki da turaren wutan da kika ce, abayar ce har yanzu ban samu mai faɗin hannun da kike so ba. Ki gaishe min da Malam da kyau, da amaryarku, da su Hajiya Babba. 'Yar taki tana gaishe ki, ta ce a gaya miki yaron hancinki ya ɗauko, ni dai ban gani ba.

Taki har kullum,
Asabe